Kwalbar Sharbot a Bayan Randa

Da na ba shi ya sha, ko kuwa hanawar da na yi ita ce daidai? Na tsufa da wannan tambaya ban sami amsarta ba. Na tambayi malamai, na tambayi mata 'yan'uwana, kowa ya faɗi nasa, amma in na koma ɗaki sai in tarar da ita tana nan yadda na bar ta. Ban yi karatu ba, ban iya riƙe alƙalami ba, shi ya sa na zaunar da 'yata ta rubuta yadda abin ya faru. In kuka ya ci ƙarfina sai ta dakata, in na share ido mu ci gaba.

A Hindawiyya, wata unguwa a Jidda, aka haife ni, zamanin da gidajenmu na katako ne da kwano, ruwa kuma sai mai garwa ya kawo. Kakana ne ya zo aikin Hajji da ƙafa, bai koma ba. Mijina kuwa Bahaushen Sudan ne, ya hayo teku yana saurayi, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Buhun shinkafa, buhun siminti, akwatunan mahajjata, duk sun bi ta kan bayansa. Mutum ne mai tsabta, mai salla a kan lokaci, ba ya shan taba, ko goro bai dame shi ba. Malam nake kiransa, ko da yake karatunsa bai yi nisa ba. Abu guda ya zo da shi daga garinsu wanda na tsana tun ranar da na fara jin warinsa, shi ne sharbot.

Da Babbar Salla mutanen Sudan suke yin sa. A dafa busasshen dabino har ya farfashe, a zuba citta da kirfa da kanumfari, a jefa ɗan tsiron dawa, a rufe tukunya a tura ta lungu. Ba a ƙara masa komai, da kansa yake tashi. Washegari in ka kara kunne sai ka ji yana tsuwwa a ciki. Daga nan a tace, a sha bayan an ci naman layya, wai yana narkar da kitse. Ƙa'idarsa kwana uku. In ya wuce haka ya bar zama abin shan Musulmi, ya kama hanyar giya, kowa ya san wannan.

Ni dai warinsa kamar na tsumman da aka goge nono da shi aka manta a bayan ƙofa. In ya buɗe tukunyar, ga kumfa mai launin ƙasa, ga dabino ya kumbura yana yawo a sama kamar matattun kyankyasai. Nakan ja mayafi in rufe hanci in fita tsakar gida. Shi kuma ya yi ta dariya, yana cewa ga 'yar Jidda mai tsantsami, wadda ke shan subiya, ruwan jiƙaƙƙen burodi, tana lashe baki. Nakan ce masa subiya fara ce, mutum yana ganin abin da yake sha. Haka muke yi kowace shekara. Ranar Salla da yamma gidanmu yakan cika da abokan aikinsa, kowa da kofinsa, suna sha suna gyatsa suna yaba hannunsa. Ni ko ɗigo ban taɓa kaiwa bakina ba, kuma kofunan da suka sha da su sai na wanke da toka kafin in mayar cikin nawa.

Shekarar da zan ba da labarinta, da ƙyar Malam ya kai ƙarshen azumi. Kafin watan Hajji ya kama idanunsa sun yi rawaya, cikinsa ya fara tasowa, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. An kai shi asibiti, suka ba shi ƙwayoyi, suka ce ya bar nama da mai, ya koma gida ya huta. Duk da haka sai da ya yi sharbot ɗinsa. Yana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ni ke ɗaga masa tukunya ina kau da kai. Ranar Salla abokansa suka zo suka sha kamar kullum, shi kuwa ko ruwa ya haɗiya sai ya dawo. Da suka watse ya ce in ɗauko wata koriyar kwalba mai dogon wuya da muka taɓa sayen ruwan wardi a ciki, in cika ta da abin da ya rage, in toshe, in ajiye a bayan randa inda ke da sanyi. Ya ce nasa rabon ke nan, gobe ko jibi in aman ya tsaya zai sha.

Aman bai tsaya ba. Kwanakin Salla suka wuce, aka shiga wani mako, kwalba tana nan. Ni har na manta da ita saboda jinya.

Wata rana ina sallar Azahar, na kai raka'a ta biyu, sai na ji wani abu ya buga rufin kwano da ƙarfi. Murfin kwalbar ne ya yi tsalle. Abin ciki ya biyo shi da kumfa, ya fantsama a bango, a kan sallayata, a kan mayafin da nake salla da shi, har a ƙafata. Wari ya cika ɗakin, ba warin da na sani ba, wani ne mai kauri mai hawa kai. Na yanke salla. Ranar garwa biyu na ƙarar wajen wanke sallaya da mayafi. Da na gama na ɗauki kwalbar da tsumma, don ba na son fatata ta taɓa ta, na nufi kwata. Fiye da rabi ya rage a ciki.

Daga kan gado Malam ya ce in dawo da ita. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa zubar da sharbot ba. In ya wuce lokacinsa takan ɗaure bakin da tsumma mai tsabta ta ƙyale shi, ya bi ta giya ya fita, ya zama khal, ruwan tsamin nan da muke zuba wa salak muke jiƙa lemo da shi. Ya ce wannan ne na ƙarshe da ya yi da dabinon garinsu, kuma bai san ko zai sake yin wani ba. Da ya faɗi haka sai na kasa. Na yago bakin wani tsohon zane, na ɗaure, na mayar bayan randa.

Amma hankalina bai kwanta ba. Na je gidan limamin ƙaramin masallacinmu, na tsaya a bayan labulen matarsa, na ce wata mata ce ta aiko ni da tambaya. Ya saurara har na gama. Ya ce in abin ya juya da kansa ya zama khal, ba a jefa masa gishiri ko albasa don a gaggauta shi ba, to ya tsarkaka, a ci. Kafin nan kuwa giya ce, najasa ce, ko ɗigo bai halatta ba, kuma abin da ya fi shi ne a zubar. Na yi godiya na juya. Sai na ji ya ce in na koma in gaishe da mai jiki, in gaya masa bana citta ta yi yawa. Ashe yana cikin waɗanda suka sha ranar Salla. Na ja mayafi na fita da sauri don kunya.

Haka kwalbar ta zauna tare da mu. Wanda bai san zafin Jidda ba a ɗakin kwano ba zai gane ba. Iska ba ta motsi, jiki kullum a jiƙe, duk warin da ya shiga ɗaki a nan yake kwana ya tashi. Wasu ƙananan ƙudaje masu jan ido suka zo daga inda ban sani ba, suka rufe tsumman, suna faɗawa cikin ruwan sha, suna shiga hanci. A cikin kwalbar kuma wata fata ta fito a saman ruwan, fara-fara, kullum tana ƙara kauri, in an taɓa kwalbar sai ta yi rawa kamar majina. Na yi ta ƙona lubban da turaren wuta har idona yana hawaye, sai warin biyu suka haɗu suka zama wani abu da ya fi kowannensu muni. Ga tsoro. Iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta baƙo ce, in wani ya kai ƙara cewa ana jin warin giya a gidanmu, ba wanda zai tsaya sauraron labarin mahaifiyarsa da khal ɗinta.

Masu zuwa dubiya su suka fi ba ni ƙyama. Mutanen nan da suke miƙo kofi kowace shekara suna cewa a ƙara, yanzu in sun shigo sai su yamutsa hanci su dubi juna. Wani ya tsaya a bakin ƙofa ya yi a'uziyya da ƙarfi don in ji, bai sake zuwa ba. Wani ya hana matarsa shiga gidanmu, ita ce ta gaya mini ta kan katanga. Mutumin nan kuwa Malam ne ya koya masa yadda ake saɓa buhu lokacin da ya zo Jidda bai san kowa ba. Ban gaya wa Malam ba. Da ya tambayi ina wane, sai in ce aiki ya yi yawa a tasha, mahajjata suna komawa, kuma gaskiya ne aikin ya yi yawa.

Abin da har yau yake ba ni mamaki, jinyarsa ba ta taɓa ba ni ƙyama ba. Na kwashe amansa da hannuna, na wanke shi kamar jariri, na canza masa shimfiɗa ba adadi, ban taɓa kau da kai ba. Amma in zan ɗebi ruwa a randa sai na riƙe numfashi, don kwalbar tana nan a baya tana kallona.

Da jikin ya ƙara tsanani sai maganarsa ta canza. Ya daina zancen khal. Ya ce bakinsa ɗaci yake, kome na ba shi ɗanɗanon gwangwani yake yi, kunu, shayi, ruwan lemo, duk ɗaya. Abu guda ransa yake so, shi ne abin da ke cikin kwalbar nan. Ba kofi ba, cokali ɗaya. Na tuna masa abin da liman ya ce. Washegari ya sake roƙo, jibi ma haka, kuma muryar tana ƙara ƙanƙancewa.

Na ce to bari in yi masa sabo. Ni da ban taɓa yarda in leƙa tukunyar ba, na sayi dabino, na nemo tsiron dawa, na dafa, na rufe, na jira ya yi tsuwwa, na tace na kawo masa. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a kwano. Ya ce Allah ya saka mini da alheri, amma wannan ruwan dabino ne. Dabinon nan mai laushi ba ya yi, kuma hannu ba ɗaya ba ne.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce, ita ma Bahaushiyar Sudan, tana soya gyaɗa tana sayarwa a bakin kasuwa. Inna nake ce mata. Ita kaɗai ba ta daina shigowa ba, warin kuma bai dame ta ba, ta ce a cikinsa ta girma. Da ta ji yana roƙo ta ja ni tsakar gida.

"Ke, ba shi mana. Mutum yana bakin tafiya, cokali ɗaya me zai yi? Ki ce magani ne, halas."

"Inna, in ya cika da ita a bakinsa fa? Mutumin da bai taɓa sha ba duk rayuwarsa, ni zan zuba masa da hannuna?"

"To ki bar shi ya tafi da kwaɗayi a ransa, ki ga ko za ki iya barci."

Na ce mata ko ta wane gefe na juya ba barci. Ta ce ai wataƙila ma ya riga ya juya muna nan muna gardama, tunda fatar nan ta fito. Ta ce a garinsu da kanwa ake gwadawa. In aka ɗiga khal a kan kanwa sai ta yi kumfa ta tafasa, kamar yadda tsamiya take yi mata. In ya tafasa ya halatta, in ba shi ya sha har ya ƙoshi.

Bayan Azahar muka yi. Na ɗauko kwalbar na kawo bakin ƙofa inda ke da haske, shi kuma yana kwance yana kallonmu. Da na kwance tsumman ƙudaje suka tashi suka rufe mini fuska. Na karkata kwalbar, fatar nan ta zamo ta toshe wuyan, sai da Inna ta sa tsinke ta tura ta, ta koma ciki da wata ƙara kamar an haɗiyi yawu. Ruwan ya fito ja-ja, a gurɓace. Muka ɗiga a kan gutsuren kanwa. Ta yi 'yar tsuwwa, 'yan ƙananan kumfa suka fito a gefe, suka mutu.

Inna ta ce ya kai. Na ce ina, ni na san yadda kanwa take yi in ta gamu da tsami na gaske, wannan ko rabinsa bai yi ba. Ta ce kanwata ce ta tsufa. Muka sake da wata, haka dai. Na ce ta shinshina, ta ce hayaƙin gyaɗa ya kashe mata hanci tun tuni. Na ce to ta ɗanɗana, tunda ita ta san abin. Sai ta gyara mayafi ta ce ai ita yau azumi take yi.

"Azumin me, Inna, ranar Laraba?"

"Ramuwa ce, 'yar nan. Ke kika san bashin da ke tsakanina da Ubangijina?"

Daga kan gado na ji wata 'yar ƙara, ashe dariya yake yi, dariyar da ba ta da ƙarfin fitowa.

Ba wanda ya rage sai ni. Na zuba a cokali, na yi istigfari, na ce Allah ka ga niyyata, ba haɗiyewa zan yi ba. Na ɗora a kan harshe. Da farko tsami, har na fara murna. Sai wani zaƙi ya biyo baya, irin na 'ya'yan itacen da suka ruɓe a ƙasan kwando, a bayansa kuma wani zafi ya taso ya bi ta hancina ya hau kaina. Wani abu mai santsi ya manne mini a dasashi. Ban taɓa shan giya ba, amma ba sai an gaya mini ba. Na ruga kwata na tofar, abincin da na ci ya biyo baya, na yi ta kakari har cikina ya ƙulle. Inna tana riƙe da kaina tana cewa sannu, tana kuma cewa ai mu 'yan Jidda ba mu da ciki.

Na dawo ɗaki ina goge harshe da bakin zane. Ya tambaye ni da ido. Na ce, "Malam, bai kai ba. Tana nan a ciki."

Bai yi gardama ba. Sai dai ya ɗan buɗe baki, kamar yadda yake yi in zan ba shi magani. Leɓunansa sun tsattsage, harshensa ya yi fari. Inna ta karɓi cokalin ta cika ta danƙa mini a hannu, ta fita ta bar mu. Na tsaya a kansa. Tsakanin cokalin da bakinsa bai kai tafin hannu ba. Na dubi bakin nan da ban taɓa jin ya yi ashar ba, bakin da nake sa ran zai cika da kalmar shahada, na dubi gurɓataccen ruwan nan da ɗan ƙuda ya riga ya faɗa ciki. Ruwan cokalin ya ɗiga a kan shimfiɗa. Na san in na ba shi zai ji daɗi, wataƙila daɗin ƙarshe da zai ji a duniya. Na kuma san abin da na ɗanɗana.

Na juya na zubar a ƙasa, na taka da ƙafa. Na durƙusa a gefen gadon na kifa kaina a kan hannunsa ina kuka, ina ce masa ya yafe mini, ya ƙara haƙuri kaɗan, ya kusa juyawa, in ya juya ni da kaina zan ba shi.

Bai kai lokacin ba. Daga yammacin nan barci mai nauyi ya ɗauke shi, in ya farka sai dai ya motsa leɓe da salati, bai ƙara yi wa kowa magana ba. Da hantsi ya cika, ina riƙe da kansa, liman yana karanta masa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ina tsakiyar takaba kwalbar ta juya. Wata safiya na je ɗiban ruwa na lura ban riƙe numfashi ba. Ƙudajen sun ragu, fatar ta nutse ƙasa, ruwan ya washe, warin ya zama mai kaifi mai tsabta. Na ɗiga a kan kanwa, ta tafasa har kumfa ta zubo mini a yatsa. Na zauna a ƙasa a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Inna ta ɗauke kwalbar ta jiƙa lemo da barkono a ciki, ta kawo mini a ɗan kwano, ta ce halal ne tsantsa, in ci albarkar hannun mijina. Ban iya ba. Har yau in aka zuba khal a abinci nakan janye hannu daga tire, jikokina suna tsammanin haƙori ne yake damuna.

Wasu sun ce na kyauta, na tsare masa bakinsa. Inna har ta rasu tana cewa na yi taurin kai a inda ya kamata in yi tausayi. Shi dai bai ce ko ɗaya daga cikin biyun ba. A ranar da na zubar da abin da ke cikin cokalin, ina durƙushe ina kuka, ya zare hannunsa daga ƙarƙashin kaina da ƙyar, ya ɗora a kan ɗankwalina, ya bari sai da na yi shiru. Na matso da kunnena don muryar ta yi ƙasa sosai.

Ya ce, "Tashi ki kurkure bakinki da kyau, an kusa kiran La'asar. Ni na haƙura."